Kwamfutar Labake Tana Kulle

'Yata Labake ta rasu bara a hatsarin mota a hanyar Legas. Ba ni da muryarta a ko'ina. Duk saƙon da ta turo min, ta saita shi ya goge kansa bayan mako. Haka mutanen aikinta suke. Abin da ya rage yana cikin kwamfutarta, ita kuma a kulle take.

Da fasa abin da aka kulle ta fara. Tana sakandare a nan Ibadan ta buɗe wayata ba da sanina ba, ta zo tana dariya, tana kira na Baami, wato babana da Yarbanci.

"Baami, ranar haihuwarka ka sa a lambar sirri? Malamin jami'a guda! Ai ko akuya ta shiga."

Bayan digiri wani banki a Legas ya ɗauke ta don ta riƙa yi masa kutse, tana nuna inda ɓarawo zai bi. Da farko ta so aikin ƙwarai. Daga baya ta ce ta gaji da nuna rami ba mai cikewa. Ta koma cikin waɗanda ake kira bayan an riga an yi ɓarna. A nan ta rame, ta daina yarda da kowa. Ko hoto aka ɗauka a biki sai ta tambayi inda za a ajiye shi.

A shekarunta na ƙarshe hankalinta ya bar na'ura ya koma kan mutane. Wata mai sayar da barkono a kasuwar Bodija ta karanta wa ɗan damfara lambar sirrinta ta waya, don kawai ya gaishe ta da ladabi. Labake ta kasa manta matar. Ta fara naɗar darussa da muryarta, da Yarbanci, don 'yan kasuwa. Ta ce ba mai ji sai ta gama duka. Ban ji ko ɗaya ba.

Bayan makoki na kira Etim, abokin aikinta. Ya zo ya daɗe a gaban kwamfutar, sannan ya ɗago.

"Baba, ni nake koya wa sababbi fasa irin wannan. Amma 'yarka muguwa ce."

"Muguwa?"

"Uwar Makullai muke ce mata a ofis. Ko biro ka zo aro sai ta ce wa ya turo ka."

Ya yi dariya, ya goge ido da bayan hannu.

"Ba ta bar wa kowa lambar ba?" na tambaye shi.

"Mu ne fa masu ce wa mutane kada su rubuta, kada su faɗa wa kowa, ko iyayensu. Mu muna faɗa ne, ita tana yi." Ya dube ni. "Ka gwada, ko?"

Na ce na gwada sunan mahaifiyarta, da na unguwar da aka haife ta, da wasu.

"Baba, don Allah cire hannunka. In kuskuren ya yi yawa, komai na ciki zai goge. Ban san saura nawa ba."

Na tambaye shi ko nan gaba wani zai iya. Ya ce ba a zamaninmu ba. Ya taɓa amala kaɗan, ya kama hanya kafin yamma.

Tun ranar ban sake gwadawa ba. Akwai wata kalma da nake zato. Muddin ban buga ta ba, darussan suna ciki.