Darakta da Madubin Ƙeya

Tun yana firamare aka san bakinsa ya fi hannunsa aiki. In aka ba yara shara, shi ne mai hawa dakali yana bayanin yadda ake riƙe tsintsiya. Shi ya sa da ya gaji shagon askin mahaifinsa ya buga kati ya rubuta "Babban Darakta", ba wanda ya yi mamaki. Shagon nan fa kujera biyu ne da fanka ɗaya. Sunan ya bi shi, har matarsa Darakta take ce masa in ya ɓata mata rai.

Mahaifin, Allah ya jiƙansa, ya fi shekara talatin yana aski ba ko allo a ƙofa. Abin da yake da shi wani ɗan madubin hannu ne mai tsagaggen gefe, an naɗe mariƙinsa da roba. In ya gama aski sai ya ɗaga shi a bayan kan mutum, ya karkata dama, ya karkata hagu, har mutum ya ga ƙeyarsa cikin babban madubi ya gyaɗa kai. Yakan ce, "Kai ba ka ganin ta, amma duk wanda ke bayanka ita yake karantawa." Tallarsa ke nan, kuma benci bai taɓa rasa masu jira ba.

Darakta ya ji maganar nan ta fi sau dubu, ƙauyanci ya ɗauke ta. Ba a daɗe da rasuwar mahaifin ba ya tafi kwas na kwana biyu a wani otal, ya dawo da takardar shaida da baki cike da sabbin kalmomi. Aka yi fenti. Aka kafa allo mai walƙiya da ya fi ƙofar faɗi. Ya sayo fitila mai zobe da sanda mai ƙafa uku, ya ɗora waya tana kallon kujera, madubin hannu kuwa ya jefa shi cikin kwalin tarkace.

Saura wanda ake kira Shiru, dattijon da ya shekara ashirin a kujera ta biyu tare da marigayi.

"Baba, gaskiya ba ka shiga hoto," in ji Darakta. "Ko ka sa rigar shago ka riƙa murmushi, ko kuma mu san abin yi."

Shiru ya naɗe almakashinsa cikin tawul, ya tsallaka titi, ya kafa kujerar roba a inuwar bangon wani kanti.

To, waya gaba take gani. Saboda haka goshi da saje Darakta ke yi wa hidima kamar zai kai su gasa. Da ya zaga baya sai idonsa ya koma kan waya, yana washe haƙora yana yi wa masu kallo lacca, inji kuwa na kiwo inda ya ga dama. Masu bibiyarsa suka kai dubbai, yawancinsu a garuruwan da ko a mafarki ba za su zo aski nan ba. Mutanen mahaifinsa suka soma zamewa ɗaya bayan ɗaya, ba faɗa ba cacar baki, sai dai a gan su a tsallake.

"Ba su waye ba ne," ya ce wa matarsa. "Ni kasuwata ta wuce unguwa."

"Hedimasta ne ya rage maka," ta ce, tana ninke kayan yara. "Ranar da ya tsallaka titin nan, ka sani ka kashe shagon Baba."

Maganar ta soke shi, don duk cika bakinsa abin da yake tsoro ke nan. Tsohon hedimastan nan tun gashinsa na baƙi yake zuwa, Asabar bayan Asabar biyu. Muddin yana zuwa, ba mai cewa ɗan bai riƙe gado ba. Da wani ne, da ya sassauta ya yi wa tsohon aski na tsanaki. Darakta sai ya hango talla. Ya zaunar da shi, ya kunna fitila, ya yi minti goma yana gaya wa waya yadda amanar shekara talatin take.

Da aka gama Hedimasta ya ɗan jira, sannan ya ce, "Ina madubin?"

"Haba Baba, ai zamani ya wuce nan. Za ka ga kanka a bidiyo."

Bidiyon ya karɓu ƙwarai, har Darakta ya kai wa matarsa waya kicin don ta ga adadin masu yabo.

Ranar Asabar ta biyu ya share shago da kansa, ya goge kujera, ya saita waya, yana leƙen titi. Can sai ga Hedimasta da hula. Darakta ya ji sanyi a ransa, ya tashi da tawul a hannu. Tsohon bai zauna ba. Ya cire hular, ya juya masa baya. Sabon aski ne, ƙeya tsaf kamar an ja da rula.

"Kwana uku ina yawo da aikinka, ɗana," ya ce. "Sai da jikata ta tambaye ni ko ɓera ne ya shiga min kai. Ba faɗa na zo yi ba. Ka san Shiru ba zai iya roƙo ba, shi ya sa na zo. Madubin mahaifinka yake so, tunda ba ka amfani da shi."

Darakta ya ajiye tawul ɗin. Ya durƙusa gaban kwali, ya tono madubin daga ƙarƙashin ragowar katunansa, ya goge ƙurar da gefen riga ya miƙa.

Ya manta waya na ɗauka. Ta ɗauki kujera ba kowa, ta ɗauki bayan Darakta a bakin ƙofa yana kallon tsallake, inda Shiru ya ɗaga madubin a bayan kan wani, ya karkata dama, ya karkata hagu.