Buhunan Yashin Wilfred Hoyle

Shekara talatin da ɗaya Wilfred Hoyle ya yi a kamfanin Ackerley, inda muke ƙera bodin bas a garinmu da ke yankin Lancashire, kuma bai taɓa riƙe guduma ba. Ɗan dako ne. Ni ina sashen ɗinkin kujeru, gidanmu na kallon nasa, don haka kada wani ya ce zai faɗa mini waye Wilf.

Aikinsa na musamman ranar gwaji yake zuwa. Bas mai bene ba ta fita sai an ɗora ta kan dandamalin ƙarfe, an karkata ta har allurar ma'aunin karkata ta nuna digiri ashirin da takwas, tayoyinta ba su ɗaga ba. Kafin nan ana cika kujerun sama da buhunan yashi, kowane buhu nauyin fasinja ɗaya, an rubuta a jikinsa. Wilf ne ke hawa da su ta wannan matsattsiyar matakala, ɗaya bayan ɗaya. Maƙeran suna tsokanarsa, wai kwandastan da fasinjojinsa ba sa biyan kuɗin mota.

A 1958 aiki ya yi ƙasa, har aka fara maganar rufe ƙofa. Sai hukumar garin ta ce za ta sayi bas arba'in idan sabon samfurinmu ya ci gwaji. Ranar gwajin, mu ɗari uku muka bar aiki muka tsaya kallo. Allura na kaiwa ashirin da bakwai taya ta ɗaga, sarƙar kariya ta riƙe motar. Mai duba na gwamnati ya fara rufe jakarsa. A lokacin albashina kaɗai ke ciyar da gidanmu.

Wilf ya cire hularsa ya matso kusa da injiniya, Mista Garside, mutum mai ji da kansa.

"Yallabai, fasinjojin nan sun yi ƙiba."

"Hoyle, ba yanzu ba."

"Sati uku suna tsakar gida ruwa na dukansu, tunda aka kwashe su daga sito aka ajiye fenti. Yau sau huɗu na huta a matakala. Da sau biyu nake hutawa."

Wani maƙeri ya ce, "Tsufa ne, kwandasta." Aka yi 'yar dariya, ni kuwa na ji kamar in kwaɗa masa almakashina.

Wilf ya ce, "Na san tsufa, a gwiwa yake kama ni. Wannan a kafaɗa na ji shi. A kawo sikeli."

Mai duba ya dube shi, ya ajiye jakar. Aka ɗora buhu ɗaya, ya zarce abin da aka rubuta a jikinsa sosai. Na biyu ma haka. Garside ya yi jajir har kunnuwa. Duk lissafin da ya yi wata shida yana yi daidai ne, buhun ne dai bai taɓa ɗagawa ba.

Mai duba ya ba mu kwana uku. Maza da mata muka zazzage yashin a ɗakin busar da fenti, muna juya shi da shebur, muna shan shayi a tsaye. Ni da abokan aikina muka sake ɗinke buhunan. Ranar Juma'a Wilf ya hau da su shi kaɗai, ya ƙi a taya shi.

Allura ta wuce ashirin da bakwai, ta hau ashirin da takwas, ta ɗan gota. Tayoyin suna nan daram. Na yi kuka a gaban mutane, kuma ban ji kunya ba.

Tsoho Ackerley, mai kamfanin, da kansa ya sauko daga ofis ya kama hannun Wilf, ya ce ya faɗi duk abin da yake so. Muna ta yi masa raɗa ya nemi fomanci, wato shugabancin ma'aikata. Wilf ya sosa ƙeya.

"A yi wa buhunan rufi, yallabai."

Aka yi musu rumfar kwano a makon. Shekara ashirin da uku muka ƙara muna aiki a wurin.