Baba Mai Girgiza Itatuwa

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan jiya, da hantsi, Allah Ya karɓi ran surukina, mai lambun renon itatuwa na bayan tashar mota. Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma.

Baba, kunya ta hana ni yi maka godiya kana raye. Yau dole in yi.

Kowace safiya kana bin layin ƙananan itatuwa, ka kama kowanne ka girgiza shi a hankali. In ka kafa wa dashe sanda ba ka ɗaure shi tamau, sai ka bar igiyar sako-sako. Masu saye su yi ta yi maka tsiya, wai tsufa ya hana ka ɗaurin kirki. Kai kuwa sai ka ce, "Wanda bai saba rangaji ba, ran da iska ta zo karyewa zai yi. Girgizar ce ke kaurara masa gindi."

Ban fahimci maganar ba sai da 'yata, jikarka, ta faɗo daga katanga ta karye a ƙafa, ba a daɗe da rasuwar mahaifinta ba. Ƙashi ya haɗe, likita ya ce ta riƙa takawa, ni na ƙi. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Na hana ta gudu, na hana ta tsalle, har ƙafar ta fara sirancewa, yarinya ta koma bin bango.

Ba ka yi min faɗa ba. Cewa ka yi, "'Yata, ara min ita ta taya ni ban ruwa." Ashe zaunar da ita kake ku kalli magen lambu tana dirowa daga rumfa, yadda take lanƙwasa ƙafafu ta sauke nauyinta kan tafinta mai taushi. Ka sa ta kwaikwaya, daga kan bulo zuwa tarin yashi. Ran da na gan ku na kusa shiɗewa. Ka ce, "Sassauta igiyar, 'yata. Ga sanda nan kusa da ita."

Na sassauta, raina bai so ba. Yau Mage, sunan da ka raɗa mata, ita ke wakiltar makarantarsu a gasar tsalle.

Ran da aka fita da kai na zaci za ta zube. Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Washegari na neme ta na rasa, sai na same ta a lambu, tana bin layi tana girgiza itatuwanka ɗaya bayan ɗaya.

An cire mana sandar, Baba. Mun yi rangaji, amma ba mu karye ba, kuma aikinka ne. Na gode.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa inuwar kowace bishiya da ka rena ta zame maka sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyya ga Mama, da ƙannen mijina, da jikokinka duka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Amin.