Bindiga Mai Magana Ɗaya

Makon jiya maƙwabciyata ta ɗiga man riɗi a ƙarfen ƙofarta don ya daina kuka. Rana ta dake shi, warin ya tsallako katanga ya same ni ina tsince shinkafa. Man riɗi a miya ƙamshi ne, amma in ya hau ƙarfe mai zafi wani abu ne daban. Na ajiye faifan, na kasa ci gaba. Warin ɗakin kakana ke nan a shekarar da ya rasu. Bari in faɗa maka tun yanzu, don ni ba na son kewaye-kewaye: bindiga ce ta yi ajalinsa, ba don ta tashi ba, sai don ta ƙi tashi. An ba ni saƙo a kanta in kai wa Baba, ban kai ba.

Ƙauyenmu yana bakin gulbi, tsakanin Abu Hujar da Rusairis. In ruwa ya janye bayan damina yakan bar baƙar laka a gaɓa, wurin da muke kira jarf. Nan kowane gida ke shuka masara da dankali da kabewa, nan kuma abincinmu na rani yake. Sai gadu, aladen dajin nan mai haure biyu, ya fito da sassafe ya tone aikin wata uku kafin a gama shan shayi. Ba ma cinsa, ko gawarsa ba ma taɓawa da hannu, amma shi bai ƙyale mu ba. Kakana ne mai tsaron jarf tun kafin a haife ni.

Tsohuwar bindigarsa mai baki ɗaya ce. A karya ta a tsakiya, a zura mata harsashi guda, wanda muke ce wa hartush, a rufe. Ta girmi Baba. Ƙotarta ta yi sulɓi saboda hannu, kuma ban taɓa jin an ce ta ba shi kunya ba. A shekarar da nake ba ka labari bakinta ya tsage. Maƙerin garinmu ya juya ta, ya leƙa, ya miƙa masa abarsa ya ce kalas, ta gama aikinta.

Baba shi ne ɗan fari a wurin kakana. Kai da ka tashi yanzu ba lalle ka san nauyin wannan ba. Kakana bai taɓa kiran sunan Baba ba. Ba su zama tabarma ɗaya, ba su cin abinci tare, in sun haɗu a zaure kowa ƙasa yake kallo. In zai ambace shi sai ya ce “mutumin ɗakin can”. Kada ka ɗauka ƙiyayya ce. Ranar da ake sa ran lorin masu tsinkar auduga zai dawo daga Jazira, tun hantsi tsohon nan yake bakin hanya, in an tambaye shi ya ce akuyarsa ce ta ɓata. Mu kuwa ba mu da akuyar da ta taɓa ɓata.

Daga Jazira ɗin Baba ya dawo da sabuwar bindiga a cikin buhu. Bai miƙa wa kakana hannu da hannu ba, ina zai iya? Ya jingine ta a ƙofar ɗakin ya wuce. Baƙa ce wuluk, tana sheƙi, da wani rubutu a jikinta da ko malamin makaranta bai iya karantawa ba. Hartush biyar take ci. A ƙarƙashin bakinta akwai mariƙi na roba, in ka harba sai ka ja shi baya ka tura gaba, ta tofar da kwanson da ya ƙone ta ɗauki sabo. Irin masu arahar nan ce da suka cika kasuwa a lokacin, abin da ƙarfin mai tsinkar auduga zai kai ke nan. Maza suka taru suna ja suna turawa don su ji ƙararta. Kakana kuwa ranar har dabino ya raba wa yara.

Damina ɗaya ta tona mata asiri. Fentin ya fara ɓarewa kamar ƙanzon tukunya, tsatsa ta fito a ƙarƙashi. Mariƙin robar ya soma rawa. Wani ƙusa a gindinta ya riƙa kwancewa da kansa har kakana ya ɗaure wurin da fatar akuya. Duk wannan da sauƙi. Babbar cutarta, in ta yi harbin farko sai kwanson ya kumbura ya maƙale a ciki, ka ja mariƙin har jijiyar wuyanka ta tashi, ko motsi. Sai an zura sanda ta baki an bugo shi. Ba kullum take yi ba, kuma wannan ya fi muni, don ba ka san ranar da za ta yi ba. Na sha ganin kakana a inuwar ɗaki ya naɗa tsumma a kan kara, ya tsoma a toka da man riɗi, yana goge cikinta har la'asar. Da tsohuwar haka yake yi ta ji magana. Wannan kuwa, man ma daskarewa yake yi a cikinta ya kama ƙasa.

Ni a lokacin shekarata tara, kuma ni ce amaryarsa, ka san wasan jika da kaka. Ban taɓa jin magana ta gaskiya daga bakinsa zuwa gare ni ba. In na kawo masa gahawa a jabana, 'yar butarmu ta ƙasa, ya ce na sa masa gishiri don in gaji gonarsa. Ni kuma in ce wa zai auri tsoho mai haƙori huɗu. Ya aike ni wurin liman in ce a ɗaura mana aure, ya aike ni wurin jaki in gaishe shi. Saƙonninsa duk irin waɗannan ne, ba wanda ake kaiwa.

Wata la'asar, masara ta fara fitar da gemu, na same shi da bindigar a cinya. Ya karɓi gahawar, bai kurɓa ba.

“Amarya, ki ce ma mutumin ɗakin can, baƙuwar da ya kawo mini magana guda ta iya. In ta zo ta biyu sai ta ƙware.”

Na ƙyalƙyale da dariya, na ce ai gara ita, shi da ba ya gajiya da surutu. Ya yi murmushi. Yanzu na san murmushin bai kai ido ba, amma yarinya mai shekara tara ina ta ga wannan? Ba zai iya tsayawa gaban ɗansa na fari ya kushe kyautarsa ba. Ba zai iya aiken babba ba, don maganar za ta zaga gari a ce yaron ya sayo wa ubansa tarkace. Sai ya naɗe ta cikin wasa ya ba ni, ni kuma na tafi ɗebo ruwa na manta.

Bayan kwana uku ya tambaye ni, yana kallon wani wuri.

“Kin isar da saƙona?”

“Na isar mana.”

“Mi ya ce?”

“Ya ce to.”

Wallahi da wasa na faɗa, kamar yadda nake ce masa liman ya ce a kawo goro. Ya gyaɗa kai a hankali. Bai sake tayar da zancen ba. Na lura dai ya daina tsokanata kwana biyu, na ɗauka ciwon gwiwarsa ne ya motsa.

Ba a yi sati biyu ba abin ya faru. Da safe ne, rana ta ɗan ɗaga, muna wanki da Inna a bakin gulbi. Muka ji harbi ɗaya daga wajen jarf. Inna ta tsaya da zane a hannu tana jiran na biyu, don kowa ya san babban gadu ba ya faɗuwa da hartush guda. Shiru. Sai ihun masu gona.

Waɗanda suka gani sun ce ya same shi a kafaɗa, dabbar ta juyo kansa. Suna hango shi yana jan mariƙin, yana ja, yana buga gindin bindigar a ƙasa. Da tsohuwar ce a hannunsa da bai tsaya a fili ba, ya san harbi ɗaya gare shi, kusa da itace yake tsayawa. Wannan kuwa biyar take ci, kuma ba kullum take maƙalewa ba. Hauren ya farke shi daga gwiwa zuwa cinya. A kan angarib, gadonmu na igiya, aka ɗauko shi, mutum huɗu, jini na ɗiga ta tsakanin saƙar.

Kwana shida ya yi. An kai shi wurin hakim, wato likitan yankinmu, an ɗinke, amma ƙafar ta kumbura ta yi baƙi. Ɗakin ya cika da warin ciwo da na man riɗi, don bindigar tana jingine a lungu, kwanson yana cikinta har lokacin. Baba ba ya shiga. A bakin ƙofa yake tsugunawa daga safe har yamma. A rana ta biyar kawuna ya ɗauki bindigar ya ce zai jefa ta gulbi. Kakana ya buɗe ido, ya ɗaga murya yadda na waje zai ji.

“Aje ta. Bindiga lafiyarta lau. Hannuna na ya tsufa.”

Ina zaune a gindin gadon ina masa fifita. Ya san na san ƙarya yake yi. Bai dube ni ba. Washegari bayan azahar ya cika.

Shekara kusan talatin ban faɗa wa kowa ba. Na yi aure, na haihu, na koma Rufa'a, abin yana nan a ƙirjina kamar tsakuwa a takalmi. Bara, da tashin hankalin nan ya kore mu muka koma ƙauye, na tarar samari suna gadin gari da irin bindigogin nan, sababbi fil, mariƙinsu na rawa tun ba a harba ba. Baba ya tsufa, idonsa ya tafi. Ina ba shi kunu na ji ba zan iya ƙara kwana da maganar ba. Na faɗa masa duka, tun daga gahawar.

Ya sauke kofin daga bakinsa.

“Na ji shi ranar,” ya ce. “Ina bayan zana ina gyaran galma. Amma saƙon da ba a kawo maka ba, yaya za ka nuna ka ji? Sai na kunyata shi. Kullum in na ga kin nufo ni sai in ce yau ne. Na yi niyyar in zan tafi auduga in ɗauke ta in mayar ma wanda ya sayar mini.”

Na ce ya yafe mini. Ya ce yarinya ce ni, babu komai. Sannan ya tambaye ni abin da na yi ta addu'ar kada ya tambaya, ko tsohon ya taɓa bin sawun saƙon.

Na ce ya bi. Ni kuma na ce wa tsohon na isar.

“Kika ce na ce mi?”

“Na ce ka ce to.”

Kofin ya karkace a hannunsa, kunun ya zuba a rigarsa bai ji ba. Ashe ubansa ya yi kwana goma yana jiran ɗan da aka ce ya amsa da to, ya ga bai zo ba, ya ɗauki bindigar a haka ya tafi gona, kuma da bakinsa ya wanke shi kafin ya mutu. Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba sai ranar, kuma ni na sa shi.

Yanzu ina da ɗan fari, ya yi gemu. Sunansa nake kira gatsau a tsakar gida. In ya sayo mini abu marar kyau, a gabansa nake cewa ba shi da kyau, ya mayar. Tsofaffin garinmu suna cewa zaman birni ya cire mini kunya. Ba na musu da su, gaishe su nake yi in wuce.