Wutar da Baffa Iro Ya Rufe

Duk wanda ya taɓa shiga ƙaramar bas ɗin Baffa Iro daga Kibiya zuwa Rano ya san ba ya danna hon. Wai hon cin batir yake. Sai dai ya leƙo da kai ta taga ya kwarma ihu, "Gafara dai!" Mai babur gafara, mai amalanke gafara, har shanu ma gafara. Wata rana a hanyar Durba garke ya tare mu, yana ta faman gafara, ko kallonsa ba su yi ba. Makiyayin ya ce, "Baffa, ai saniyar nan ba ta jin Hausa."

Ya ce, "To kai aikin me kake? Fassara mata mana!"

Ni Habibu, ɗan ƙanensa ne, kuma bakanike a Rano, don haka duk wahalar motar nan a kaina take ƙarewa. Wahala kuwa na sha ta. Mutumin da bai taɓa yarda wani ƙarfe ya mutu ba! Yana da gwangwanin madara cike da tsofaffin fulogi. In na cire masa wanda ya ƙone na jefar, sai ya bi shi ya tsince, ya hure masa ƙasa.

"Baffa, wannan fa ya mutu."

"Kai ka yi masa wanka? Hutawa yake."

Bayan rasuwar matarsa, Inna Mairo, babban ɗansa Yaya Nasiru da ke Kano ya matsa a sayar da motar, tsoho ya zauna a gida ya huta. Baffa ya ce allambaran. Da ƙyar aka yi sulhu a kan cewa duk ranar da injin ya ba da matsala babba, shi kenan, ba gyara, sai sayarwa. Ni aka ɗora wa amanar faɗin gaskiya. Mun san abin da ke ransa. Gidan ya yi masa faɗi, motar nan ce kaɗai ke fitar da shi cikin mutane.

Ana nan sai wutar gargaɗin injin ta kama a gaban sitiyari, 'yar ruwan ɗorawar nan. Kun san maganin da ya yi mata? Ya samo sitika mai rubutun Masha Allah ya manna a kai. Motar kuwa ta fara kakkarwa, in ta tsaya sai ka ce mai zazzaɓi, in ta zo hawa ta riƙa tari tana fizga. Matan Fulani masu kai nono kasuwa su suka fara kawo ƙara.

"Baffa, motarka ta kaɗe mana nono, har mai ya taso!"

"To ba sai ku gode ba? Na rage muku aiki."

Labari ya kai Kano. Yaya Nasiru ya kira ni ya ce in duba, in injin ne in gaya masa, akwai mai saye a hannu. Na aika wa Baffa ya ƙi zuwa, na sake aikawa ya ce yana da lodi. Sai da na tare shi a tasha na shige gaba na zauna, na ce ba na sauka sai a gareji.

Ina ɓare sitikar ya ce, "Kai, sunan Allah kake cirewa?"

"Zan mayar maka, Baffa."

Na jona 'yar kwamfutar gwaji a ƙasan sitiyari. Ya harare ta. "Wannan abar ta taɓa bin hanyar Fammar da damina? Me ta sani?"

Ta dai san wani abu, don ta nuna ɗaya daga cikin silindojin injin ba ta ba da wuta. Na yi masa bayani cewa ko fulogi ne, ko koyil ɗin da ke ba shi wuta, ko kuma abin ya shiga cikin injin, wanda shi ne ba ma fata. Na ce ya buɗe bonet. Sai ya kama kame-kame, wai igiyar ta maƙale, wai injin da zafi, wai lokacin salla ya gabato. Da hantsi! Na miƙa hannu na ja da kaina.

Jama'a, kwano na gani. Kwanon sha mai murfi, an ɗaure shi tam da waya a kan injin. Na kwance shi na ajiye, na zare koyil ɗin silindar da ake zargi, sai ƙanshin daddawa ya buge ni. Na haska ramin fulogin. Miyar kuka ce cike, ta dahu ta sake dahuwa har ta zama ƙanzo. Duk ramin da motar ta faɗa, murfin ya ɗaga, miya ta ɗiga. Ita ta jiƙa koyil ɗin ta kashe shi.

Dariya ta kama ni har na zauna a ƙasa. "Baffa! Mota kake ja ko murhu?"

Bai yi dariya ba. Ya ɗauki kwanon yana shafa murfin da babban yatsa. Ya ce, "Tunda na auri Mairo ban taɓa fita ban ci ɗumame ba. Yanzu matan yaran nan suna aiko da tuwo da yamma, Allah Ya yi musu albarka. Amma in tashi da safe in hura wuta a murhunta, ni kaɗai a tsakar gidan nan, wallahi ba zan iya ba. In na ɗora a nan, kafin Rano ya yi zafi."

Na daina dariya. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar na ranar ba.

Can ya ce a hankali, "To, likita. Ta mutu?"

"Ba ta mutu ba, Baffa. Koyil ne kawai."

Na wanke ramin, na sa wani koyil da sabon fulogi. Baffa ya tayar, injin ya zauna lafiya lau, wutar ta ɗauke da kanta. A gabansa na kira Yaya Nasiru na gaya masa komai, har kwanon. Da jin haka muryarsa ta canza. Ya ce, "Habibu, ka samo masa kwanon da ba ya zuba. Ku bar masa motarsa."

Baffa ya juya baya yana gyara madubin da ba abin da ya same shi. A ranar na yi masa ɗan maƙali na ƙarfe a gefen injin, nesa da fulogi. Ya gwada, ya taɓe baki, ya ce wajen bai kai na da zafi ba. Haka ya ci gaba da jan motarsa har ciwon ajali ya kwantar da shi.

Allah Ya jiƙan Baffa Iro, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Ya haɗa shi da Inna Mairo a gidan da abinci ba ya sanyi. Amin.