Cukun da Ya Zauna Mini a Ciki

Assalamu alaikum, 'yan'uwa da 'ya'yana na wannan shafi.

Kun saba ganin gaisuwar Juma'a da hotunan jikoki daga wurina. Yau wata magana ce daban. Shekara kusan saba'in ban buɗe baki na ba da labarin nan ba, saboda ƙanena yana cikinsa.

A unguwar Limawa muke zaune, kafin a samu 'yancin kai. Babanmu yana aikin reluwe. Ina da shekara bakwai, ƙanena Sani yana da huɗu, ƙyanda ta shigo unguwa ta kama mu tare.

Ƙurajen suka bushe, zawo ya ƙi tsayawa. Iya, mahaifiyar Baba, ta kafa doka: ba nama, ba ƙwai, ba nono. Koko zalla, safe da yamma. Ba mugunta ba ce, haka ta taras ana yi.

Sai ƙafafuna suka fara hawa. Maƙwabta suna cewa, "Ai Ladi ta murmure, ga kumatu nan." Amma gashina ya yi ja, yana biyo matajin Inna, mahaifiyarmu. Na daina wasa, na daina ma kuka.

Sani bai kai asibiti ba. Wata Talata da hantsi ya cika a bayan Inna, ita tana tsammanin barci yake.

Ranar sadakar uku Baba ya saɓa ni a kafaɗa, sai asibitin gari.

Aka ɗora ni a sikeli, aka tsaga mini yatsa aka ɗibi jini, aka karɓi fitsarina a kwalba. Likita ya danna ƙaurina da babban yatsa. Ya ɗauke hannu, ramin yana nan.

Malamin asibitin da ke yi masa tafinta ya ce da Baba, "Ba sammu ba ne, ba ƙoda ba ce. Wannan kuma ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Jikinta ya rasa abincin da zai gina shi."

Aka dama mini madarar gari. Ta wuce kamar an zuba a rariya. Aka sake, na amayar. Kwana biyu ana haka. Yarinyar gadon da ke kusa da nawa, a naɗe a tabarma aka fita da ita.

Da kunnena na ji malamin yana cewa, "In ba a samu abin da zai zauna mata ba a makon nan, sai addu'a."

A gindin bishiyar da masu jinya ke girki, Inna ta saba da wata Bafulatana mai suna Dudu, daga wata ruga ta wajen Gidan Kwano, tana jinyar mijinta. Ta leƙo ta dube ni, ta ce da Inna, "Yaya, madara tana gudu da cikin wasu yaran. Ki gwada cuku. Shi ai mun tsiyaye ruwan, tsokar nonon ce ta rage."

Inna ta ji tsoro, ta tambayi malamin, shi kuma ya kai Dudu gaban likita. Ta faɗi yadda suke yi: a ɗumama madara, a sa ruwan tumfafiya ta dunƙule, a tace a ɗan kwando. Likita ya ce a gwada, amma a tafasa shi sosai, a murje, a fara da rabin cokali.

Ƙanwar Dudu ta kawo washegari. Fari, mai laushi, ba shi da wani ɗanɗano. Inna ta ba ni, ta zauna tana kallon cikina har azahar.

Ya zauna.

A kwana na huɗu na fara fitsari ba ƙaƙƙautawa. Kumburin ya sace, sikeli ya riƙa ja baya kullum. Ashe ƙashi da fata ne a ƙarƙashi.

A haka Iya ta zo ta gan ni. Ta dafe ƙirji. "Wannan abin ne ke tsotse ta! Mun binne ɗaya, za ku ƙarasa ɗayar? Kai, ɗauko ta mu tafi gida," ta ce da Baba. Ta fara naɗe tabarmar Inna.

Baba bai taɓa yi mata musu ba. Ya durƙusa ya ce, "Iya, ki yi mini aikin gafara. Wannan karon ki bar mini ita a nan."

Ta ajiye tabarmar, ta fita ba sallama.

Malamin ya ce ruwan ne ke fita, abin da ake nema ke nan. Amma sikeli ya yi kwana biyu cik, Baba ko abinci ba ya iya ci. A rana ta uku allurar ta motsa gaba kaɗan. Ranar ce na ce, "Inna, ƙaro." Ta juya baya tana share ido.

Bayan mako biyu Iya ta dawo. Ta kwance bakin zaninta, dafaffen ƙwai ne. Da hannunta ta ɓare ta ba ni. Ba ta ce komai a kan maganar ba, har ta koma ga Allah.

Sati shida na yi, na fita da ƙafata.

Alhamdulillahi. Allah Ya jiƙan Baba da Inna da Iya da Sani. Ya saka wa malamin nan da likita. Dudu kuwa, an sallami mijinta kafin ni, ban sake ganinta ba. Ban taɓa mance ta a addu'a ba.

Iyaye mata, ga abin da na sani. Kumburi bayan ciwo ba ƙiba ba ce. Ku danna ƙafar yaro, in rami ya tsaya, a nufi asibiti a ranar. Kar a hana mara lafiya ƙwai, kifi, wake ko cuku. Cuku ba magani ba ne, abinci ne mai gina jiki da ƙashi. A tafasa shi ko a soya, kuma a tambayi likita kafin a ba yaron da ya galabaita.

In tsohuwar gida ta hana, a durƙusa mata, a ba ta haƙuri. Amma a kai yaron.