Abin da Ƙarfen Ya Taɓa Cikin Auduga

Kun ga tsohon nan da ba ya zama kan katifa sai ya bubbuga ta tukuna? Kada ku yi masa dariya. Shekara ashirin da biyu ya yi a ƙofar kamfanin gurzar auduga, aikinsa ɗaya tak: caka ƙarfe.

Masu kawo auduga ai ba waliyyai ba ne. Wani ya binne dutse a tsakiyar kaya, wani ya yayyafa ruwa don ta yi nauyi. Shi kuwa sai ya hau mota da ƙarfensa mai tsini, wanda ya fi shi tsawo, ya luma har ƙasa. Hannunsa ya san dutse, ya san yashi, ya san laima. Yana zarowa yana gogewa da tsumma, ko kallo ba ya yi, haka aka koya musu. Direbobi na ce masa Sarkin Caka.

Wata rana da tsakar rana layi ya yi tsawo, ana ta danna masa hon. Ya hau wata jar mota ya caka kamar kullum. Abin da ƙarfen ya samu taushi gare shi, kuma ya motsa.

Kafin hankalinsa ya dawo, hannu ya riga ya zare ya goge.

"Yaya dai, Sarki, aljani ka gani?" in ji direban.

"Jiƙaƙƙiya ce. Juya da ita."

Direban ya zage shi tas, ya ja motarsa, bai sake dawowa ba. Tsumman kuwa baƙi ƙirin yake da dauɗa, bai nuna komai ba.

Kowa ya san 'yan lodi kan nutse cikin auduga su yi barci a hanya. Matarsa ta ce, "Haba Malam, da mutum ne ai da ya yi ihu. Wataƙila akuya ce."

"Akuyar ma ai tana kuka," in ji shi.

Ya ajiye aikin. Shekara da shekaru yana bin tashoshin mota, yana tambayar jar motar.

Bara, a teburin mai shayi, wani direba mai furfura ya ce, "Ja, mai ɗaukar auduga? Ai ƙanina ne ya ja ta. Wallahi ranar da kuka koro shi, da suka zo sauke kaya..."

Tsohon ya miƙe, ko kurɓar shayin bai yi ba.

"Baba, tsaya mana in ƙarasa!"

Bai waiwayo ba. Tun ranar ya daina bi ta layin mai shayin nan.